Jawabin Shugabar Mata: Me Za Mu Nema A Gyara A Makarantun Gwamnati?



Iyayena mata, yayyena da ƙannena, shugabannin mata na ƙananan hukumomi da na mazaɓu, da duk 'yar jam'iyyar da wannan saƙo ya iso wayarta, ina gaishe ku, ina yi muku sannu da ƙoƙari. Wannan shi ne jawabin da na gabatar a zamanmu na wannan wata. Da yawa ba su samu zuwa ba saboda nisa da tsadar mota, shi ya sa aka rubuta shi aka turo muku. Yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri. Wadda ba ta yi boko ba, ta ba 'yarta ko ɗanta ya karanta mata. Idan kuwa kika miƙa wa ɗan aji biyar wayar ya kasa karantawa, to kin riga kin ga dalilin jawabin tun ba a je ko'ina ba.

Kwamitin da ke tsara manufofin jam'iyya ya nemi ɓangaren mata ya kawo shawararsa a kan ilimi. An saba a kira mu ranar gangami, a raba atamfa, mu yi guɗa, mu koma gida. Wannan karon ra'ayi aka tambaye mu. To kada mu je da "a gina makarantu, a taimaka wa mata" kawai, wannan kowa ya iya faɗa. Mu je da abin da za a iya rubutawa, a sa masa kuɗi, a sa masa rana, mu kuma mu bi sawunsa.

Kuma maganar tamu ce fiye da kowa. Mai hali ya kai ɗansa makarantar kuɗi, ya huta. 'Ya'yan mafi yawanmu a makarantar gwamnati suke, mu ke wanke musu inifam, mu ke ƙulla musu kuɗin tara, mu ke ganin littafinsu da yamma.

*Abin da doka ta riga ta ba mu*

Bari mu fara da sanin haƙƙinmu, domin wanda bai san gonarsa ba, ba zai san an ci masa iyaka ba.

A 1976 aka ƙaddamar da shirin firamare kyauta da ake kira UPE. A 1999 aka ƙaddamar da UBE a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004. Dokar ta ce kowane yaro, mace ko namiji, yana da karatu na shekara 9 kyauta kuma dole: shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Ta ce duk wanda ya karɓi kuɗin makaranta a wannan mataki ya yi laifi, ana iya cin sa tara har naira 10,000, ko ɗaurin wata 3, ko duka biyun. Iyayen da suka ƙi kai yaro su ma akwai nasu hukuncin, ana farawa da gargaɗi.

Dokar ta kuma tanadi kuɗi. Aƙalla kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya yana tafiya hukumar UBEC. A cikinsa akwai tallafin da ake ba jihohi, amma da sharaɗi: sai jiha ta ajiye nata kason daidai da na tarayya kafin ta ɗauka. Ki kawo naira ɗaya, a ƙara miki ɗaya. Duk da haka, UBEC ta sha fitowa tana kukan cewa biliyoyin nairori na nan jibge, jihohi ba su kawo nasu kason sun karɓa ba. Ku ji fa! Yara na zaune a ƙasa, kuɗin bencinsu na kwance a Abuja.

A jiha, SUBEB ce ke kula da wannan mataki na ilimi. A ƙaramar hukuma kuma akwai sakataren ilimi da ofishinsa. Ku riƙe sunayen nan uku, domin idan za a yi ƙorafi a san ƙofar da za a buga.

*Na farko: yaro ya iya karatu*

Kullum ana maganar yaran da ba sa zuwa makaranta. UNICEF ta daɗe tana ambaton miliyan 10.5, UNESCO kuma a 2022 ta ce sun kai kusan miliyan 20 idan aka haɗa da 'yan shekarun sakandare, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Wannan babban abin kunya ne. Amma akwai wata matsalar da ba a cika faɗa ba, ita ce ta waɗanda suke zuwa kullum suna dawowa hannu rabbana. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF, ya nuna cewa a cikin yara 'yan shekara 7 zuwa 14, kusan kashi 27 cikin 100 ne kawai ke iya karanta ɗan gajeren labari su fahimce shi. Wato a cikin yara huɗu, uku ba su iya ba.

Waɗannan matsaloli biyu kuwa uwa ɗaya ta haife su. Uban da ya ga babban ɗansa ya shekara shida yana zuwa makaranta bai iya rubuta wasiƙa ba, da wane baki za ki ce masa ya cire ƙaramin daga gona ya kai shi? Uwar da 'yarta ke kawo ribar talla kullum, me za ki nuna mata a madadin ribar? Mutanenmu ba wawaye ba ne, lissafi suke yi. Ranar da makaranta ta fara fitar da yaran da suka iya karatu, ba sai an yi shela ba, iyaye da kansu za su kawo 'ya'ya.

Don haka shawararmu ta farko ita ce a rubuta a manufar jam'iyya, ƙarara: duk yaron da ya gama aji uku zai iya karanta labari da Hausa ko harshen garinsu, ya iya tarawa da ɗebewa. A ƙarshen kowace shekara a gwada yara ɗaya bayan ɗaya, a fitar da sakamakon kowace ƙaramar hukuma a karanta a rediyo. Da wannan za mu auna kwamishina da ciyaman, kafin mu ƙirga ajujuwan da aka yi wa fenti.

Ta yaya za a kai ga haka? Ba sai mun ƙirƙiro sabon abu ba.

Ku tuna makarantar allo. Malam ba ya wanke wa yaro allo sai ya biya karatunsa daidai. Ana farawa da babbaƙu, a je farfaru, kowa da inda ya kai, ko da kuwa a tabarma ɗaya suke zaune. Amma a boko sai a ce manhaja ta ce yau darasi kaza za a yi, malam ya cika allo da Turanci, yara su kwafa kamar masu zanen hula, shekara ta ƙare a tura kowa aji na gaba. Wanda aka bari a baya a aji ɗaya, a baya zai ƙare aji shida.

A ƙasar Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta fito da tsarin da ya yi kama da na allonmu. Ana gwada yara, a raba su gwargwadon inda suka kai: masu harafi daban, masu kalma daban, masu jimla daban, masu labari daban. A ware awa ɗaya ko biyu kullum ana koya wa kowane rukuni abin da yake buƙata, wanda ya iya ya matsa gaba. An gwada wannan tsari a Borno da wasu jihohin Arewa. Ba ya buƙatar sabon gini, horo yake buƙata da sa ido.

Sai littafi. An yi shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, an yi RANA a Katsina da Zamfara. Dukansu sun samar da littattafan koyon karatu da Hausa, da jagoran malami mai nuna darasin kowace rana. An riga an rubuta su, an gwada su. Abin da ke faruwa shi ne idan masu tallafi suka tattara suka tafi, sai bugun littafi ya tsaya. Mu nemi jiha ta sa kuɗin buga su a kasafinta duk shekara, kowane yaro a aji ɗaya zuwa uku ya samu nasa, ya zo da shi gida.

Na san wata za ta ce, "Hajiya, mu Turanci muke so 'ya'yanmu su iya, shi ake jarrabawa da shi." Gaskiya ne, ni ma ina so. Amma karatu sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa. Yaron da ya gane cewa baƙi da wasali ne ke haɗuwa su ba da gaɓa, a harshen da yake ji, zai ɗauki wannan basirar ya shiga Turanci da ita. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa a jami'ar Ife sun fara wani gwaji, aka koyar da wasu yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare, Turanci kuma a matsayin darasi. Waɗannan yara ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin. To a koyar da Turanci tun aji ɗaya, da baki, da kyau, amma a buɗe wa yaro ido da harshen uwarsa.

*Na biyu: malami*

Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Ku leƙa makarantun cikin gari ku gani, aji ɗaya ya haura ɗari. Ku je ƙauye kuma, ku tarar da malamai biyu suna riƙe da aji shida. Wani lokacin ba ƙarancin malaman ne kaɗai ba, rabon ne ba daidai ba: duk mai uwa a gindin murhu ya nemi a bar shi a gari.

A 2017 jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun kashi 75. An yi ta ce-ce-ku-ce kan korar da ta biyo baya, kowa da ra'ayinsa. Ni tambayata ita ce, wa ya ɗauke su aiki tun farko? Ta wace ƙofa suka shigo? Muddin gurbin malanta yana cikin abin da ake rabawa a matsayin ladan siyasa, ko an kori dubu ashirin, wasu dubu ashirin irinsu za su shigo. Ina roƙonku, 'yan'uwana, a neman wa 'ya'yanmu aiki mu bar aji ga wanda ya iya. Wadda kika cusa ba ta iya ba, jikanki za ta koyar.

Ga abin da za mu nema a kan malamai.

A ɗauki malami da jarrabawa a bainar jama'a, a liƙa sakamako, kuma a sa shi ya koyar da darasi a gaban masu tantancewa. Takardar NCE ita ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, amma takarda kaɗai ba ta isa ba.

Wanda ke cikin aiki yana da rauni, a ba shi horo da jagoran darasi, a ba shi wa'adi. Idan ya gyaru, madalla. Idan bai gyaru ba a mayar da shi wani aikin da ba na aji ba.

A biya albashi a kan lokaci. Malamin da ya wata biyu ba albashi, acaɓa zai tafi, kuma ba mai bakin yi masa faɗa. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi yake fita. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To mu tuna tarihi: a 1991 an taɓa miƙa firamare ga ƙananan hukumomi, malamai suka yi ta zama ba albashi, har sai da aka dawo da hukumar ƙasa a 1993. Ko ta wace hanya kuɗin zai bi, a rubuta cewa albashin malami shi za a fara cirewa kafin komai.

A yi alawus na musamman ga mai koyarwa a ƙauye. Gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin irin wannan a ranar malamai ta duniya a 2020, tare da albashi na musamman. Abin da ya zama doka a 2022 shi ne ƙarin shekarun ritaya zuwa 65, ko shekara 40 a aiki. Jiha tana iya yin nata ba sai ta jira Abuja ba.

Sai malamai mata. Akwai ƙauyukan da uba ba zai bar 'yarsa da ta fara girma a makarantar da ba mace ko ɗaya ba. A jihohin Bauchi, Katsina, Neja da Sakkwato an yi wani shiri tare da UNICEF, ana ɗauko 'yan matan ƙauye a biya musu karatun NCE, da sharaɗin su koma garinsu su koyar. Wannan shi ne maganin, domin 'yar gari ba ta neman canjin wurin aiki. Amma a haɗa shi da tabbacin ɗaukarsu aiki da zarar sun gama, kada a horar da su a bar su a ɗaka.

*Na uku: a bi kuɗi har cikin aji*

Kuna yawan ji ana cewa UNESCO ta ce a ware wa ilimi kashi 26. Abin da ƙasashe suka amince a kai a taron Incheon na Koriya ta Kudu a 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na abin da gwamnati ke kashewa. Amma ku sani, abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da aka saki daban, abin da ya isa makaranta kuma daban. Gwamna na iya karanta kashi 30 a majalisa a yi masa tafi, a ƙarshen shekara rabinsa ma bai fita ba. Saboda haka mu nemi a riƙa bayyana abin da aka saki duk wata uku.

Bari in ba ku labarin Yuganda. Tsakanin 1991 da 1995 gwamnatinsu tana tura wa makarantun firamare kuɗin gudanarwa gwargwadon yawan yara. Da aka bi sawu, sai aka tarar kashi 13 cikin 100 ne kawai ke isa makaranta, sauran yana narkewa a hanya. Yawancin iyaye ma ba su san akwai kuɗin ba. Sai gwamnati ta fara buga abin da ta tura wa kowace gunduma a jarida, ta kuma ce kowace makaranta ta liƙa abin da ta karɓa a inda kowa zai gani. Zuwa 2001 abin da ke isa ya kai kusan kashi 80. Kun ga, ɓarawo duhu yake so.

A Burazil kuma akwai jiha mai suna Ceará, tana cikin yankin talakawan ƙasar. Sun yi doka cewa wani kaso na harajin da ake raba wa ƙananan hukumomi zai danganta da yadda yaransu suka iya karatu. Nan da nan shugabannin ƙananan hukumomi suka fara leƙa ajujuwa da kansu. Wani garinsu mai suna Sobral ya kai ga zama na ɗaya a sakamakon firamare a duk ƙasar.

To mu ga namu buƙatun. Jiha ta biya kasonta na UBEC kowace shekara, kada a bar ko sisi a Abuja. Kowace makaranta ta samu ɗan kuɗin gudanarwa kai tsaye a asusunta duk zango, na alli da rajista da gyaran ƙofa da tsintsiya. Rashin wannan kuɗin ne ke sa hedimasta ya koma karɓar na jarrabawa, na rahoto, na kaza da kaza a hannun yara, har a koro yarinya gida a kan naira ɗari biyu. A bangon kowace makaranta a liƙa takarda da Hausa, da ajami ma inda ake buƙata: ga kuɗin da ya shigo, ga abin da aka yi da shi, ga sunayen malaman da ake biya albashi da sunan wannan makaranta. Ranar da aka liƙa sunayen nan, malaman bogi sun shiga uku, domin mutanen gari sun san wanda ke zuwa da wanda ba su taɓa gani ba. Idan kuma an ba da kwangilar gini, a rubuta kuɗin da wa'adin, kuma kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai kwamitin makaranta ya sa hannu.

*Na huɗu: abin da ke fitar da 'ya mace*

Wannan mu muka fi kowa saninsa, ba sai na ja ba. Yarinya ta fara al'ada, makaranta ba banɗaki, ba ruwa, sai ta zauna a gida kwana huɗu ko biyar duk wata, daga nan ta daina zuwa. Ko ta gama aji shida, ƙaramar sakandare tana wani gari mai nisa, uba ya ce ba za ta bi daji ba. Mu nemi banɗakin mata daban mai ƙofa da sakata, da rijiyar burtsatse, da audugar mata a ofishin wata malama. Mu nemi a buɗe ajujuwan ƙaramar sakandare a jikin manyan firamare na ƙauye. Wadda aka yi wa aure kuma a buɗe mata ajin matan aure ta ƙarasa.

Akwai shirin AGILE na Bankin Duniya da aka fara da jihohi 7 a 2020, ciki har da Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno, daga baya aka ƙara wasu. Yana gina ajujuwa, yana tallafa wa 'yan mata. Amma ku sani rance ne, jikokinmu za su biya. Don haka muna da cikakken haƙƙin tambayar inda kowace naira ta shiga.

Tsaro kuma, Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Chibok a 2014, Dapchi a 2018, Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, Kuriga a 2024. Duk lokacin da aka ɗauki yara, ba su kaɗai ake cutarwa ba, dubban iyaye ne ke janye nasu. A katange makarantu, a sa masu gadi daga cikin gari ana biyansu, a samar da lambar da hedimasta zai kira a amsa. Inda dole ta sa aka rufe makaranta, a faɗi inda yaran za su ci gaba da karatu tun ranar da aka rufe.

Game da almajirai, an gina makarantun tsangaya na zamani sama da 150 a faɗin ƙasar nan, da yawa sun lalace saboda an yi gini ba a tanadi ciyarwa da albashi ba. Abin da ya fi sauƙi shi ne a zauna da alarammomi a nemi yardarsu, a tura malamin karatu da lissafi tsangayarsu a ranakun Alhamis da Juma'a da sauran lokutan da suka ga ya dace, a kuma taimaka da abinci.

*Namu aikin*

Ba sai an ci zaɓe za mu fara ba. Kowace makarantar gwamnati ya kamata tana da kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda ake kira SBMC. A ciki akwai hedimasta, wakilin mai gari, malaman addini, iyaye, tsofaffin ɗalibai, kuma akwai kujerun mata. A wurare da yawa sunan kawai ake rubutawa, matar ma ba ta san an sa ta ba. Waɗannan kujerun namu ne, mu zauna a kansu.

Kuma ba baƙon abu za mu yi ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru. Tana naɗa jaji, ta ɗora mata malfa, jaji ta tattaro matan ƙauyensu su zo su ɗauki karatu su koma su koyar da waɗanda ba su iya fita. Ba mota, ba waya. Mu da muke da waya a hannu, wane uzuri gare mu?

Ga abin da nake roƙon kowace shugabar mata ta mazaɓa ta yi cikin mako biyu. Ki ɗauki mata biyu masu natsuwa, ku je firamaren gwamnati mafi kusa. Kada ku sa atamfar jam'iyya, makaranta ta kowa ce, kuma a matsayin iyaye za ku je. Ku fara da gaida mai unguwa, sannan hedimasta, ku nemi izini cikin ladabi. Ku tambaya: yara nawa ne a rajista, nawa suka zo yau? Malamai nawa aka turo, nawa ke nan, mata nawa a ciki? Akwai ruwa? Akwai banɗakin mata, yana aiki? 'Yan aji biyu suna da littafi a hannu? Yaushe SBMC ta yi zamanta na ƙarshe, su waye mata a ciki? Wane kuɗi ake karɓa a hannun yara? Kada ku ɗauki hoton fuskar yaro, kada ku ci mutuncin malami a gaban ɗalibansa. Da yawansu su ma a matse suke, kuma idan suka ga da alheri kuka zo, su za su faɗa muku abin da ba ku ma tambaya ba.

Ku kuma sauran 'yan'uwa, kowace ta yi wannan a gidanta yau da daddare. Ki rubuta, ko ki sa a rubuta, jimla biyu masu sauƙi da Hausa waɗanda yaro bai haddace ba, ki ba ɗan aji uku ko huɗu ya karanta, sannan ki tambaye shi me ya karanta. Idan ya kasa, don Allah kada ki dake shi, ba laifinsa ba ne. Ki faɗa wa shugabar mazaɓarki ajinsa da inda ya tsaya, ba sai da suna ba.

Shugabannin mazaɓu su miƙa wa shugabannin ƙananan hukumomi, su kuma su haɗo mana kafin zama na gaba. Da wannan za mu shiga gaban kwamiti. Kuma duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'ar mata, daga kansila har sama, za mu ajiye masa takardar nan mu ce ya faɗa mana wanne zai yi, da wane kuɗi, zuwa yaushe. Mu rubuta amsarsa mu adana.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya saka wa malamanmu na ƙwarai da alheri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. A tura wa sauran 'yan'uwa da ba sa cikin wannan zaure.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.